Tambaya da amsa: Manhajar kulle fayil da haƙƙin masu ita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada, Kaduna, kwamfutata cike take da takardun mutane. Mai gyara ya saka mini manhajar kulle fayil ta kuɗi, amma wadda aka fasa, wato aka karya makullinta don a yi amfani da ita ba tare da biya ba. Ƙanina ya ce duk dabarun kullewar nan akwai masu su a Amurka, za a iya maka ni kotu. Gaskiya ne? Kuma amfani da ita ya halatta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙaninka ya ji labari, sai dai labarin ya tsufa. Abu biyu ne ya haɗe wuri ɗaya. Akwai takardar mallakar ƙirƙira, wadda gwamnati ke ba wanda ya ƙago wata dabara, yawanci na shekara 20, kuma iyakarta ƙasar da ta bayar. Akwai kuma haƙƙin mallakar manhajar kanta, wato rubutun da kamfani ya yi yake sayarwa da lasisi.

Ta farkon ce ta tayar da ƙura a da. Dabarar kulle bayanai mai suna RSA, wadda malamai uku na jami'ar MIT ta Amurka suka fito da ita a 1977, an ba ta takarda a Amurka a 1983. Da Phil Zimmermann ya saki manhajar kulle saƙonni mai suna PGP kyauta a 1991 da RSA a cikinta, masu riƙe da lasisin suka ce ya shiga gonarsu. Gwamnatin Amurka ma ta buɗe masa bincike, ita kuma a kan fitar da manhajar zuwa waje, ta rufe a 1996 ba tare da gurfanar da shi ba. Masu goyon bayan takardar sun ce wanda ya sha wahalar bincike ya ci guminsa. Ɗaya ɓangaren ya ce wannan lissafi ne tsagwaronsa, kuma bai kamata sirrin talaka ya zama sai mai kuɗi ba. Shi ya sa da Werner Koch na Jamus ya fara GnuPG, manhajar kyauta mai aikin PGP, a 1997, ya kauce wa RSA da IDEA (wata dabarar kullewa mai takardar mallaka) gaba ɗaya.

A ganina ɓangare na biyu ya fi hujja, domin takardar ta jinkirta yaɗuwar kariya a lokacin da intanet ke tasowa. Amma rigimar ta wuce. Wa'adin RSA ya ƙare a Satumban 2000, na IDEA a 2012, ita kuwa dabarar kullewa ta AES, wadda Amurka ta amince da ita a 2001, tun asali kyauta ce ga kowa. Ita ke kulle wayarka da saƙonninka na WhatsApp. Babu mai binka bashin sisi a kanta.

Matsalarka tana ga fasasshen kwafin nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta, kuma ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa irin wannan haƙƙi abin kiyayewa ne a shari'a. Abin da ya fi damuna ma shi ne amanar da ke hannunka. Wanda ya fasa manhajar ya taɓa cikinta, ba ka san me ya dasa ba. Yana iya zama abin da ke kwashe duk kalmar sirrin da ka buga. Tamkar ka sayi kwaɗo ne a hannun ɓarawo. Ga shi ba ta karɓar sabuntawa, in ta ƙi buɗewa wata rana babu wanda za ka kai wa kuka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Kada ka yi gaggawar goge fasasshiyar manhajar. Fara buɗe duk fayilolin da ka kulle da ita, ka kwafe su a filas, don in ka cire ta tukuna suna iya zama a kulle har abada. Bayan nan ka cire ta, ka bincike kwamfutar da maganin bairos, ka canza kalmomin sirrinka.

Sai ka sauke 7-Zip, manhajar matse fayil da kulle shi, daga shafinsu, kyauta ce kuma halas. Danna dama a kan folda, zaɓi Add to archive, ka bar tsarin a 7z, ka sa kalmar sirri mai tsawo, kalmomi 5 ko 6 da ba su da alaƙa da juna, ka yi alama a Encrypt file names. In ka zaɓi zip, tabbatar AES-256 ne, domin ɗaya zaɓin, ZipCrypto, tsohuwar dabara ce mai rauni. Inda mutane ke tuntuɓe: asalin foldar tana nan a buɗe bayan an gama. Gwada buɗe kullallen, in ya yi, ka goge na asalin har daga kwandon shara.

Tambaya: Daga wata malama a Barnawa: BitLocker, makullin bayanai na Windows da ke cikin laftof ɗina, sai na biya daban?

Amsa: A'a, Malama, yana cikin lasisin Windows Pro. Lokacin da kike kunna shi, zai ba ki lambobin ceto guda 48, ki rubuta su a takarda ki adana nesa da laftof ɗin. In mai gyara ya canza babban allon ciki ko ya taɓa BIOS, wato saitin da ke tayar da kwamfuta, su za a tambaye ki, kuma in babu su ko Microsoft ba zai iya buɗe miki ba, sai dai in an ajiye su a asusunki na Microsoft. Idan Windows Home gare ki, manhajar VeraCrypt kyauta ce, tana wannan aikin.