Shin motar shekarar ƙarshe ce ta fi ƙarko?

Tambaya: Ina neman Toyota Camry tokumbo, ƙirar da ake kira Muscle. Dillali ya ce in ƙara kuɗi in ɗauki ta 2011, wai a kowace ƙira ta shekarar ƙarshe ce ta fi ƙarko. Gaskiya ne, ko kuwa cinikinsa yake gyarawa?

Amsa: Malam, maganar dillalin tana da tushe, sai dai bai kai ta ƙarshe ba. Kamfanin mota yakan riƙe ƙira ɗaya kimanin shekara biyar ko shida kafin ya sauya ta, kuma a tsawon wannan lokaci koke-koken masu saye da kuɗin da yake kashewa wajen gyaran garanti suna nuna masa inda lahani yake, sai ya riƙa gyarawa. Saboda haka motar shekarar farko ita ce ta fi yawan zuwa da matsala. Amma abin da ya kamata ka bincika shi ne shekarar da aka sauya abin da ke ba da matsalar, domin ba lallai ne ta zama ta ƙarshe ba.

Camry ɗin da kake nema an sayar da ita a Amurka daga 2007 zuwa 2011. Mai fulogi huɗu ta 2007 zuwa 2009 tana ɗauke da injin 2AZ-FE mai lita 2.4, wanda ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai saboda lahanin fistin da zobensa, har mai mota ya saba da yawo da galan a but. A 2010 Toyota ta maye gurbinsa da 2AR-FE mai lita 2.5, ta kuma sa giya shida maimakon biyar. Ke nan ta 2010 da ta 2011 injinsu ɗaya ne, kuma a ganina kuɗin da za ka ƙara tsakaninsu na shekara ne kawai, ba na inganci ba.

Akwai kuma lahanin da ke bin ƙira har ƙarshenta. Ford Focus ta 2012 zuwa 2018 mai giyar otomatik da ake kira PowerShift ta yi ta fama da fizga da karkarwa, kuma duk da gyare-gyaren kamfanin, masu motocin shekarun baya-baya ba su daina kuka da ita ba.

Idan ka je wurin motar, kada fuskarta ta ruɗe ka, domin sauya fitilu da bamba don tsohuwa ta yi kama da sabuwa sananniyar sana'a ce a kasuwanninmu. Duba lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba: na goma a jerin shi ne shekara, inda 9 ke nufin 2009, A 2010, B kuma 2011. Daga nan bakanikenka ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko dauɗa ta daskare a ciki, ya tayar da injin yana sanyi ya lura ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Motar da ta haura shekara goma a kan hanya, yadda aka riƙa yi mata juye ya fi shekararta tasiri, don haka idan ta 2010 ta fito da tsabta a wannan gwaji, ita zan ce ka biya.