Amfilifayar jita tana ƙugi, fiyus kuma yana ƙonewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kaɗa jita a wuraren biki, kuma ina amfani da tsohuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta gwanjo mai kwalaben gilashi a ciki, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Tun watan jiya take ƙugi ko da na zare jitar, yanzu kuma fiyus ya fara ƙonewa. Wani abokina ya ce in ɗaura waya a gurbinsa. Mene ne shawararku?
Mai karatu daga Yalwa, Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka bi shawarar abokin nan naka. Fiyus yana ƙonewa ne saboda wani abu a ciki yana jan wuta fiye da ƙima, idan kuwa ka ɗaura waya, tiransifoma ce za ta ƙone, alhali tana cikin kayan da suka fi tsada a na'urar.

Da farko duba rubutun da ke bayanta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, saboda haka wadda aka ƙera don kasuwar Amurka sai da tiransifoma mai rage wuta. A nan ne kuma za ka ga lambar fiyus ɗin da ya dace, kuma idan akwai harafin T a gaban lambar, ana nufin mai jure fizgar wuta ta lokacin kunnawa.

Idan ƙugin bai tsaya ba bayan ka zare jitar da wayarta daga amfilifayar, to, wayar jitar ba ta da laifi. Rage ƙarar gaba ɗaya ka saurara. Idan yana nan, na fi zargin manyan kafasitoci, wato gwangwanayen da ke ajiye wuta suna tace ta, domin ruwan cikinsu yana bushewa da shekaru, zafi irin namu na Maris da Afirilu kuma yana gaggauta hakan. Wadda ta gaji takan kumbura ko ta fitar da farin gari a gindinta, kuma idan ta lalace sarai takan ƙona fiyus. Haka nan ka lura da manyan kwalaben, irin su 6L6 ko EL34, a ɗaki mai duhu: ɗan haske a tsakiyarsu daidai ne, amma idan farantin ƙarfen da ke ciki ya yi ja kamar garwashi, kashe ta nan take.

Sauran aikin na mai gyara ne, domin kafasitocin nan sukan riƙe wuta sama da bolt 400 ko bayan an zare filogi, kuma wannan ta isa ta kashe mutum. Shi zai sauke wutar, ya cire manyan kwalaben ya gwada da sabon fiyus. Idan ya sake ƙonewa babu su, sai ya koma kan kafasitocin da tiransifomar. Ka tafi masa da lasifikarta, domin ba a kunna irin wannan amfilifaya babu lasifika a haɗe, idan kuma ya sa sababbin kwalabe, ka nemi ya daidaita wutar da suke ja kafin ka karɓa.