Sodar da Ta Cinye Min Durom Huɗu na Alayyadi

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni, ka ce: "Maigida, haruffan da ke jikin buhunan nan, NaOH a wannan, Na₂CO₃ a wancan, me ya raba su, tunda duka soda ake ce musu kuma duka farare ne?" Na yi maka shiru don tambayarka ta fama min tsohon miki. Yau zan amsa maka. Ajiye wayar nan tukuna.

Haruffan su ne ainihin sunan abin da ke cikin buhu. Na sodiyam ne, O oksijin, H haidurojin, kowanne ƙwaya ɗaya: wannan ita ce kostik soda, uwar sabulu. A ɗaya buhun kuwa sodiyam biyu ne, da C, wato kabon irin na gawayi, da oksijin uku. Ƙananan lambobin da ke ƙasa ƙidaya ce. Wannan soda ash ce, 'yar'uwar kanwar da ake kawowa daga Barno da Nijar. Kostik ce ke da ƙarfin fasa mai. Kowace ƙwayar mai tana cin ƙwayar kostik uku, ta haifi sabulu uku da gilisarin ɗaya, kuma daga nan babu komawa: man ya daina zama mai, sodar ta daina zama soda. Soda ash ba ta da wannan ƙarfin a kwaɓin sanyi irin namu, wanda ba a ɗora shi a wuta.

Yanzu ji abin da aka yi min. Ana saura wata biyu Babbar Sallah wani ɗan kasuwa da ke kai kaya Maraɗi ya ba ni aikin sabulun wanki, ya biya rabin kuɗi. Na sayi durom huɗu na man alayyadi, kilo 720 ke nan. Alayyadi yana cin kusan giram 175 na kostik a kowane kilo, sai lissafi ya ba ni buhu biyar masu kilo 25. Na je wurin wani mai shagon kemikal da na shekara shida ina saye a hannunsa, mutumin da na halarci sunan ɗansa. Ya ce kaya sun yi wuya amma ya ɓoye min nawa. Na ga ɗinkin bakin buhunan da zare daban, na tambaya, ya ce a mota suka yage aka sake ɗinkewa. Na yarda da shi saboda zumunci.

Ashe tsofaffin buhuna ne da suka kwana a buɗe tun damina, ya cika su da soda ash don nauyi ya kai. Ka riƙe wannan da kyau: kostik tana shan iska. Tana jawo laima, tana kama iskar CO₂, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ta rikiɗe da kanta. Masu ilimin suna rubuta shi haka: 2NaOH + CO₂ → Na₂CO₃ + H₂O. Ƙirga sodiyam a hagu, biyu. Ƙirga a dama, biyu. Babu abin da ya ɓace, wurin zama kawai suka sauya. Amma abin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Yaron da ke wurina a lokacin shi ya jiƙa sodar da daddare. Kostik ta gaskiya in ta shiga ruwa sai bokiti ya yi zafin da ba ka iya dafa shi. Wannan ɗumi kawai ta yi, ga gari kwance a ƙasa. Ya gani, bai faɗa min ba, wai yana saurin zuwa kallon ƙwallo. Da safe na saka haidiromita, ma'aunin da muke gwada ruwan soda da shi, ta nuna min lambar da nake so, domin ita nauyin ruwa kawai take aunawa, ba ruwanta da irin abin da ya narke a ciki. Muka kwaɓa, muka yi ta juyawa har kafaɗa ta gaji, kwaɓin ya ƙi kama jiki. Muka zuba a akwatuna da fatan zai daskare. Bayan kwana uku na ɗaga leda, na tarar da mai yana iyo a sama, ƙasa kuma wani abu kamar kunun da ya kwana.

Na kwashi samfur na kai wa mai shagon kemikal ɗin. Ya dube ni a gaban jama'a ya rantse cewa kayansa lafiya lau, man nawa ne gurɓatacce. Ni da na fara sabulu tun yana tallan ashana! Na dafa abin da zai dafu da sabuwar kostik, na ceto kamar rabi, baƙi-baƙi, na sayar a wulaƙance. Na mayar wa ɗan Maraɗi kuɗinsa, na sayar da babur ɗina na cike. Bai sake ba ni aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba. Har yau in hanya ta bi da ni ta layin shagon nan sai na sauya layi.

Ku yaran yanzu kuna kallon bidiyon minti biyu a waya, a ce muku kofi kaza na soda, kofi kaza na mai, sai ku ɗauka kun zama malamai. Wane mai? Man ja yana cin kusan giram 142 a kilo, man gyaɗa 136, man kaɗanya wajen 128. Ka zuba wa kaɗanya ma'aunin alayyadi, ka yi sabulun da zai saɓule hannun matar mutane. In kuma buhu ya ce KOH, potash ce, sabulun ruwa take yi, kuma ta fi nauyi, 56 ce a inda kostik take 40, don haka sai ka ninka ma'auninka da 1.4. Dangin wannan potash ɗin ne ke cikin tokar da iyayenmu mata suke tacewa su yi sabulun salo, shi ya sa yake da laushi, shi ya sa kuma suke yini suna dafa shi a wuta.

Batun yadda ake juyawa da yankawa ba zan ɓata bakina ba, kana da ido. Wanda bai san cewa soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba, ko ya jiƙa ta a tukunyar alminiyam har ta cinye gindin, bai kamata ya tsaya a shagona ba.

Gobe da safe akwai sababbin buhuna uku. Ka duba ɗinki da haruffa. Ka sa safar hannu da gilashin ido, ka ɗebi ɗan tsunkule daga saman kowane buhu da tsakiyarsa, ka narkar a kofin roba, ka yi ta matsa lemon tsami har ya rinjaye shi. In ka ga yana tsirto da kumfa kamar lemon kwalba, akwai soda ash a ciki, kar ka taɓa mai, ka kira ni. Wanda ka buɗe kuma ka ɗaure bakin ledarsa tam kafin ka juya baya.