Wasan kartar da abokan karatunka suka gayyace ka a Ingila

Ɗan'uwa, ka ce an gayyace ka wasan Ring of Fire, kana so ka san yadda yake kafin ka je, tunda ba ka shan giya.

Wasan shaye-shaye ne, a Amurka sun fi kiransa Kings Cup. Ana ajiye babban kofi a tsakiyar tebur, a kife karta 52 a zagaye shi, kowa ya riƙa jan ɗaya bi da bi. Kowace karta da hukuncinta, kuma dokokin sukan bambanta daga gida zuwa gida. Galibi in ka ja 2, kai za ka zaɓi wanda zai sha. In ka ja 3, kai za ka sha. In 7 ce, kowa ya ɗaga hannu sama, wanda ya makara shi ne zai kurɓa.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne sarki. Duk wanda ya ja sarki sai ya zuba kaɗan daga abin shansa a kofin tsakiya, wanda ya ja na huɗu kuma ya shanye gaba ɗaya. Ka ga ko lemo ne a hannunka, wancan kofin ya riga ya gauraya da barasa.

Ni dai shawarata, ka gaya musu tun kafin a zauna cewa ba ka sha, kuma kada ka bar kofinka a inda idonka ba ya kai. In zuciyarka ba ta kwanta da zaman ba, ka gayyace su ɗakinka wani dare, ka dafa shayi, ku buga Whot.