Macijin Ado Mai "Ɗan Dafi": Me Zai Faru In Ya Yi Sara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Houston, Amurka. Ɗana mai shekara 14 ya dame ni sai na saya masa macijin kiwo da ake kira hognose. Mai shagon ya ce dafinsa bai taka kara ya karya ba. Haka ne? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai ƙamshin gaskiya a zancensa, domin ba a taɓa samun labarin wannan maciji ya kashe mutum ba. Amma bai gaya miki duka ba.

Kumurci da kububuwa fiƙoƙinsu a gaban baki suke, sara ɗaya dafi ya shige kamar allura. Shi hognose manyan haƙoransa can ƙuryar muƙamuƙin sama suke, dafin kuma tsiyaya yake yi a hankali, sai ya kama ya yi ta tauna kafin ya shiga nama. Saboda haka daɗewar kamun ita ce matsalar. Wanda aka cire wa shi nan take, yawanci ɗan ƙaiƙayi ne da ja. Wanda ya bari ya yi minti uku ko biyar yana tauna, yatsa kan kumbura, kumburin ya haye bayan hannu har gwiwar hannu, fata ta yi bororo, a yi kwanaki ko makonni ana fama. Babu allurar karya dafi da aka yi dominsa.

Galibi wajen ba da abinci ake saran, idan hannu yana warin ɓera ko kwaɗo. A riƙa miƙa masa da dogon hantsaki, kamar santimita 30, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi.

In ya kama, kada a fizge, don haƙoran a lanƙwashe suke zuwa baya, za su yagi fata ko su karye a ciki. A tura kansa gaba kaɗan a zare, ko a sa shi ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi. Nan da nan a cire zobe da agogo, tun kumburi bai riƙe su ba. A wanke da ruwa da sabulu, a zagaye bakin kumburin da biro, a rubuta lokaci, a sake dubawa duk bayan rabin awa. Ban da ɗauri, ban da tsaga, ban da tsotsa. Don zafi a sha paracetamol, a guji aspirin da ibuprofen. A kira Poison Control, cibiyar ba da shawara kan guba da dafi, a 1-800-222-1222, a kuma duba allurar tetanus. Idan kumburi ya wuce wuyan hannu, a tafi asibiti. Idan leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, a kira 911.

Abin da ya fi damun mu shi ne a ɗauka duk mai haƙoran ƙurya haka yake. Boomslang, macijin bishiya na ƙasashen Afirka kudu da Sahara, shi ma haka haƙoransa suke. A 1957 wani ƙaramin boomslang ya sari masanin macizai Karl Schmidt a babban yatsa a Chicago, bai je asibiti ba, washegari jini ya ɓalle masa ya rasu. Bajamushe Robert Mertens kuwa, shi ma masanin macizai, a 1975 wani macijin daban mai haƙoran ƙurya da yake kiwo da kansa ne ya sare shi, ya yi kwana 18 ya cika. Dafin irin waɗannan hana jini daskarewa yake yi, kuma mutum zai iya yin awoyi garau kafin ya ga jini a dasashi ko fitsari, ko haɓo. Gwajin da likita ke yi don gano hakan ba shi da wuya: a zuba jini mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, in bai daskare ba akwai matsala.

Shawararmu, in har za ki saya, mai shago ya rubuta miki sunansa na kimiyya, Heterodon nasicus, ki ajiye tare da hoton macijin don nuna wa likita. Ciyarwa kuma kada yaron ya yi ta sai da babba a kusa.