Amsar Gwaggo kan butalin gas da kunyar suruka

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni nan Tawa bayan la'asar. Ina baƙunta? Allah ya zaunar da ku lafiya.

Kin ce tun da sanyi ya sauka a Yamai wutar reshonki ta yi rauni, har a yi isha'i tuwo bai nuna ba. Surukarki kuma ta ce a kwantar da butalin ko a tsoma shi a ruwan zafi, wai haka suka saba. Shi ne kike tambaya ko amarya na da bakin musa wa uwar miji al'adar gidanta.

Kunyar suruka gadonmu ce, ki riƙe ta. Ba kya kiran sunanta, ba kya ɗaga mata murya, ki rusuna in za ki gaishe ta. Amma kwantar da butali ba ya cikin abin da iyaye suka bar mana. Mu da murhun duwatsu uku da kara muka tashi. Gas bai yawaita a gidajenmu ba sai bayan da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011. Kin girme shi, ɗiyata.

Abin da ke cikin butalin ruwan gas ne, tururinsa ke hawowa sama ya ci wuta. Sanyin hunturu na rage wannan tururi, balle in gas ɗin ya kusa ƙarewa, shi ya sa wutar ke lafawa da asuba. In aka kwantar da shi, ruwan ne da kansa zai bi tiyo, wuta ta yi tsalle ta kama zane. Na ga wadda hakan ya ƙona wa hannu, har yau zuciyata ba ta manta ba. Ruwan zafi ma haɗari ne, kada ki yarda.

Ki fara ɗaga butalin ki ji nauyinsa, sau da yawa ƙarewa kawai ya yi. In da saura, ki rufe shi, ki bari resho ya huce, ki cire kan murhun ki wanke. Akwai ɗan rami kamar na allura inda gas ke fitowa, ƙurar hunturu da miyar da ta zube suna toshe shi. Ki share a hankali, kada ki faɗaɗa shi da ƙusa. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce. In ta yi ja tana baƙanta tukunya, iska ce ba ta isarta. Ki duba tiyo ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Ki shafa kumfar sabulu a mahaɗarsa da wajen detandar, wato na'urar bakin butali mai daidaita fitar gas, in ta yi ƙwai to yoyo ne. Ban da ashana wajen gwaji! Detandar da ya gaji kuwa sabo ake saye.

Batun Hajiya surukarki, kada ki ce mata ta yi kuskure, balle gaban mutane. Ki faɗa wa maigidanki cikin ɗaki, ya kira mai gyara, ta ji daga bakin mai gyaran. Kafin nan, in ta sake magana, ki ce tsoro kike ji, ki hura gawayi ki ƙarasa girkin.

Ki gaishe ta da kyau, ki ce ina nan tafe bayan sanyi.