Filin Tambaya da Amsa: Koyar da Zane ga Yara da Manya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Mabera, cikin garin Sakkwato. Da safe ina koyar da yara zane, da yamma kuma ina da ajin matan aure. Idan na zana tulu a allo yaran sukan kwaikwaye shi tsaf, amma in na ce kowa ya zana abin da yake so sai su yi tsuru-tsuru. Matan kuwa cewa suke yi hannunsu ya riga ya bushe. Shin hanya ɗaya zan bi da su duka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Hanya ɗaya ba za ta fisshe ki ba, domin abin da ya tauye yaran daban yake da abin da ya tauye matan.

Yaron da ya saba kwafar tulun allo ya koyi duban zanenki ne, bai koyi duban tulu ba. Ki zo da tulu na gaske ki ajiye a tsakiyar aji, ki bar su su shafa shi, su ga inda bakinsa ya ɓalle da inda gansakuka ta kama gindinsa, sannan kowa ya zana shi daga inda yake zaune. Zanen zai fito a karkace, kuma hakan ba laifi ba ne. Kada ki karɓi fensir daga hannun yaro don ki gyara masa, gara ki tambaye shi ta wane gefe haske ya faɗo wa tulun, shi da kansa zai sake ɗaga ido. Sai sun kai wajen shekara 9 zuwa 10, lokacin da suka fara damuwa da cewa abin bai yi kama ba, sannan koyar da awo da inuwa yake da amfani. Rashin fenti kuma bai isa ya tsayar da darasi ba muddin akwai gawayi da kwali da yumɓu.

Wani zai ce ai baduku ma ta hanyar kwaikwayo yake horar da yaronsa. Gaskiya ne, sai dai yaron baduku riƙon wuƙa da jan zare yake kwaikwaya, da fatar jar akuya a kan cinyarsa, yana ɓatawa yana sakewa. Irin wannan kwaikwayon ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari.

Matan kuwa hannunsu bai bushe ba ko kaɗan. Wadda take zana lalle ba tare da ta auna ba, ko take saƙa faifai launi bisa launi, ko take ɗinkin hula, ta daɗe da sanin daidaito da tsari, abin da ya rage mata shi ne sabo da takarda da kuma cire kunyar yin kuskure a gaban tsara. Ki fara da abin da kowacce ta iya, ta mayar da adon lallenta kan takarda, daga nan ki ƙara mata dabara kai tsaye, domin babba yana son a faɗa masa dalili da amfanin abin da yake koya. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta iya ginin tukunya tun tana yarinya, kuma da girmanta, a 1954, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja. A can ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu da gashin zamani, amma ba ta yar da adon da ta zo da shi daga gida ba.

Idan akwai iyaye ko mazajen da ke ɗari-ɗari da zanen abu mai rai, kada ki yi jayayya da su, domin fagen da ya rage yana da faɗi: akwai zayyanar allo, da dagi, da adon soraye, da tsirrai. Wajen ba da maki kuma ki riƙa ajiye aikin kowane ɗalibi, ki gwada na farkon zango da na ƙarshensa, ki daina gwada shi da na maƙwabcinsa.